Filin Gwaggo: Sanyi, Zazzaɓin Jego da Takardar Sa Hannu

 Wasiƙun wannan makon daga ɓangaren Keana suka fi yawa, garin gishiri, ƙasar Osana. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu. Amsoshina jagora ne zuwa ƙofar asibiti, ba su ne asibitin ba.

Gwaggo, ina gaisuwa. Shekarata 27, ɗana ɗaya, ya shekara biyar, tun daga kansa ko ɓatan wata ban sake yi ba. Sanyi ya hana ni sakat: farin ruwa mai ƙarni, wani lokaci ƙaiƙayi, ga ciwon mara idan maigida ya kusance ni. An ce a masai na ɗauka, don gidan haya muke, masai ɗaya muke shiga mu da yawa. Na sha Flagyl da Ampiclox ba adadi, mai kemis ya yi mini allurai, na sayi na gargajiya a jarka. Ina zama cikin ruwan zafi da gishirinmu na Keana ina wanke ciki da shi, ina kuma matsi da alimun da miski. Sai ya lafa mako biyu ya dawo. Maigida ya ce shi lafiyarsa ƙalau, tunda abokiyar zamana ba ta kuka da komai. Ya zan yi?
Maman Yaro, Keana

'Yata, bari mu fara wanke masai daga zargi. Ƙazantar masai tana kawo gudawa da taifot da tsutsar ciki, wannan gaskiya ne, amma ba ita ke sa mace farin ruwa mai ƙarni ba, kuma tururin da ke tasowa daga rami ba ya shiga mahaifa. Maganar ta samu karɓuwa ne don ta fi daɗin faɗi a gaban miji da uwar miji, ba ta taɓa mutuncin kowa. Shi ya sa mata ke shekara da shekaru suna faɗa da masai, ciwon yana can yana aikinsa.

Abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowacce da maganinta. Akwai mai kawo ƙaiƙayi mai tsanani da farin abu mai kauri guda-guda. Wannan naman gwari ne da ke zaune a jikin mace tun asali, yakan yi yawa idan tana da ciki, ko ciwon suga, ko ta cika shan antibayotik. Kin ga ke nan Ampiclox ɗin da kike sha yana iya zama shi ke ciyar da ƙaiƙayin. Akwai mai ruwa tsinkakke da ƙarni, wanda ke ƙaruwa bayan kwanciya ko bayan al'ada. Shi kuma yana faruwa ne idan ƙwayoyin kirki da Allah ya ajiye a gaban mace, masu riƙe wurin da ɗan tsami don kare shi, suka ƙare, wasu suka mamaye gurbinsu. Me ke ƙarar da su? Wanke ciki da sabulu, da ruwan gishiri, da tura alimun da miski da sauran kayan matsi. Gishirin Keana a miya ya yi suna, a bar shi can. Ki yi tsarki da ruwa zalla, daga waje, daga gaba zuwa baya. Ciki yana wanke kansa.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ciwon mara lokacin kwanciya, haɗe da shekara biyar ba ciki. Akwai cututtuka biyu da ake ɗauka ta saduwa, gonoriya da kilamidiya, waɗanda sau da yawa ba sa nuna wata alama ga mace ko namiji. Mutum yana yawo da su yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kuma bai yi ƙarya ba a iya saninsa. Idan suka haura daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, sai wurin ya kumbura, ya warke da tabo, hanya ta toshe. Wani likita a ƙasar Suwidin, Lars Weström, ya bi matan da suka yi wannan kumburin tun daga 1960 har 1984. Cikin waɗanda ya same su sau ɗaya, kusan 8 cikin 100 sun kasa haihuwa saboda toshewar bututu. Sau biyu, kusan 20. Sau uku ko fiye, 40. Idan kuma hanyar ba ta toshe duka ba, ciki na iya tsayawa a cikin bututun ya fashe, mace ta zubar da jini a cikin cikinta. Don haka kowane dawowar ciwon nan yana da farashi, ba abin da za a yi ta lallaɓawa da jarka ba ne.

Ban ce wannan ne ke damunki ba. Ba wanda zai iya faɗa daga takarda, kuma mai kemis ma bai iya ba, canki-canka yake yi da kuɗinki. Ki je babban asibitin Keana, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura ki babban asibiti a garin Lafiya. Ki dakatar da duk wani magani da matsi kafin ki je, don kada su ɓoye abin da ake nema. A duba bakin mahaifa da ido, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, a gwada fitsari da suga, a yi gwajin ƙanjamau da tunjere. Bayan an kashe ciwon, a yi hoton da ke nuna ko bututun a buɗe suke.

Ki kuma gaya wa likita idan kin taso kina wanka ko wanki a rafi, ko kina aiki a fadamar shinkafa, ko kin taɓa fitsarin jini kina yarinya. Tsargiya ba a mafitsara kaɗai take tsayawa ba. Ƙwayayenta kan maƙale a bakin mahaifa, su kawo ruwa da zafi da ɗigon jini bayan kwanciya, a yi ta ɗura wa mace antibayotik a banza, har a zarge ta da abin da ba ta yi ba. Jiharmu ta Nasarawa tana cikin wuraren da cutar ta yi kaka-gida, shi ya sa Cibiyar Carter ta fara raba maganinta, praziquantel, a nan da Filato tun ƙarshen shekarun 1990.

Saura maigida. Ki karanta masa wannan a lokacin da ransa ke sanyi. A watan Maris na 2025 aka fitar da sakamakon wani bincike daga Ostareliya a kan ma'aurata 164, matan duk suna fama da irin mai ƙarnin nan. Inda aka yi wa mace magani ita kaɗai, ciwon ya dawo wa 63 cikin 100 kafin wata uku. Inda aka haɗa da miji, ya sha ƙwaya ya kuma shafa man magani na kwana bakwai, 35 cikin 100 ne ya dawo musu. Tazarar ta yi yawa har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Wannan ciwon ba shaidar cewa wani ya ci amanar wani ba ne, don kada a mayar da maganata makamin faɗa. Amma gida mai mata biyu, idan gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, mutum uku ne za su sha magani a lokaci guda, in ba haka ba tana zagayawa ne daga ɗaki zuwa ɗaki. Shirun abokiyar zamanki ba takardar sakamako ba ce. Shi ma Malam ya ba da maniyyi a auna. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar namiji, kuma gwajinsa ya fi naki sauƙi da araha.

Gwaggo, ni namiji ne, a yi mini afuwa da na shigo filin mata. Bara iyalina ta haihu a gida, bayan faya ta fashe da kusan kwana biyu. Kwana huɗu da haihuwa ta fara zazzaɓi da rawar sanyi, jinin biƙi yana wari. Hajiyarmu ta ce zuwan ruwan nono ne, a ƙara zafin ruwan wanka a dama mata kunun kanwa. Sai da ta daina gane mutane muka ɗauki mota zuwa Lafiya. Ta yi mako biyu a kwance, an yi mata wankin ciki da ƙarin jini, Allah ya tashi kafaɗarta. Yanzu tana da ciki wata biyar. Mene ne ya same ta, kuma me zan yi kada ya sake? Wani abokina ya ce akwai ƙwayar da ake sha lokacin naƙuda, in saya in ajiye?
Magidanci, Kadarko

Ɗana, ba ka yi laifi ba, da ma irinku muke nema a filin nan, don mota da kuɗin mota a hannunku suke. Abin da ka kwatanta shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa bayan haihuwa, daga nan suka bi jini. Muddin faya ta fashe, ƙofa ta buɗe, kowace sa'a da ta wuce ƙwayoyin suna samun hanyar hawa. Ƙara da hannun da ake ta turawa a duba ko kai ya sauko, da guntun mabiyiya da ya rage a ciki, wanda shi ya sa aka yi mata wankin ciki. Mahaifar da aka haihu yanzu ɗanyen rauni ce.

Zuwan nono kan sa ƙirji ya cika ya yi nauyi, jiki ya ɗan yi ɗumi na yini guda. Ba ya sa rawar sanyi, ba ya sa jini wari, ba ya gusar da hankali. Duk mai jegon da ta yi zazzaɓi a cikin kwana arba'in da biyun farko, ko mararta ta riƙe da ciwo, ko jini ya canza wari, ko numfashinta ya yi sama-sama, ko fitsari ya ragu, ko ɗinki ya fara ruwa, a ranar za a kai ta asibiti. Ko da zazzaɓin cizon sauro kuke zato, a can za a tantance. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka ƙirga irin waɗannan mata na mako guda a asibitoci 713 cikin ƙasashe 52. An samu cewa a kowace haihuwa 1,000, mata kusan 70 ne ke kwance da irin wannan ciwo, kuma kusan 11 sun mutu ko sun leƙa kabari sun dawo, kamar iyalinka.

Maganin farko tsoho ne, kuma ba tsada. A watan Afrilun 1847, a wani ɗakin haihuwa na birnin Biyana, kusan mata 18 cikin 100 zazzaɓin jego ya kashe. Wani likita mai suna Semmelweis ya tilasta wa abokan aikinsa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda, cikin 'yan watanni adadin ya sauko ƙasa da 3. Abokan aikin nasa ba su gode masa ba, haushinsa ma suka ji. Har gobe ka sa ido: duk wanda zai taɓa matarka, ungozoma ce ko nas ko likita, ya wanke hannu da sabulu ya sa sabuwar safar hannu. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya.

Ƙwayar da abokinka ya ji labari gaskiya ce, sunanta azithromycin. An gwada ta a kan mata fiye da 29,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Kenya da Zambiya da Kwango, aka fitar da sakamako a 2023. Waɗanda aka ba su sau ɗaya lokacin naƙuda, 1.6 cikin 100 ne cutar ta shiga jininsu ko suka rasu, cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 2.4. Ragi ne na kusan kashi ɗaya cikin uku, abin a yaba. To amma a asibiti aka ba su, a hannun ma'aikata, kuma ba ta rage komai ga jariran ba. Ba ta fitar da guntun mabiyiya, ba ta tsayar da jini. Kada ka saya ka ajiye a ƙarƙashin matashi ka ce ka gama shiri. Kuɗin ka tara na mota.

Shirin gaskiya shi ne awo, tun yanzu, da haihuwa a asibiti. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, abin da ya fito fili shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka riƙa mutuwa ninkin-ba-ninkin. Shekara kusan hamsin ke nan, darasin bai tsufa ba. A awo za a auna jininta, tunda ta taɓa karɓar ƙari, a ba ta maganin ƙarin jini da Fansidar na kariya daga zazzaɓin sauro, a duba fitsari da hawan jini. Ka gaya musu duk abin da ya faru bara. Ranar da faya ta fashe, ko ba ciwon naƙuda, ku kama hanya. Kai da kake kan titin Lafiya zuwa Makurdi ba ka da uzurin da na ƙauyukan ciki ke da shi lokacin damina.

Game da Hajiya, a bi ta da ladabi, abin da ta gada ta yi. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda ya fito a 2020, bai ga wannan alaƙar ba. Shi rama da talauci da hawan jinin masu ciki ya fi kamawa da laifi. Ni dai hukuncina: wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, ruwan da ke saɓule fata ba shi da amfani, kanwa kuma a yi nesa da ita ga mai hawan jini ko kumburin ƙafa. Babbar illar wankan jego a labarinku ita ce kwanakin da ya cinye ana jiran ya yi aiki.

Gwaggo, na je awo a wani asibiti a Lafiya, sai wata ma'aikaciya ta ce suna bincike a kan cututtukan masu ciki, tana so ta ɗebi fitsarina da ruwan gabana, in sa hannu a takarda. Na ce sai na yi shawara. Yayata ta ce kada in yarda, gwaji za a yi da ni kamar yadda aka yi da yaran Kano. Ina tsoron idan na ƙi su daina kula ni.
Mai cikin fari, Giza

'Yata, kin yi daidai da kika ce sai kin yi shawara, kuma tsoron yayarki yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai bayan wannan an kafa dokoki. Tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta hana a yi bincike a kan mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an yi masa bayani. Ki koma ki ce a karanta miki takardar da Hausa. Ki tambaya: wane kwamiti ne ya amince da aikin? Ɗiba kawai za a yi, ko akwai maganin da za a ba ni? Idan an ga cuta, za a gaya mini a kuma yi mini magani? Wa zai ga sunana? Kina da ikon ƙi, kina da ikon janyewa ko bayan kin sa hannu, kuma ba wanda ya isa ya rage miki kulawa saboda haka. Ki karɓi kwafin takardar ki tafi da shi gida.

Idan amsoshin sun gamsar da ke, ni shawarata ki shiga. Abin da kika kwatanta ɗiba ce kawai, kuma tana iya yi miki rana: ƙwayoyin cuta kan zauna a fitsarin mai ciki ba tare da ta ji komai ba, daga baya su hau ƙoda ko su jawo haihuwar bakwaini. Ban da haka, yawancin abin da ke ceton mata a ɗakin haihuwa yau, wasu mata ne suka yarda aka gwada da su. Ledar awon jini da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, wadda ke nuna da ta zubar da rabin lita a hau ta da magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, an gwada ta ne a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Sakamakon 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da yake jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Gwaggo, ƙanwata ta yi naƙudar kwana uku, ɗan bai zo da rai ba. Yau kwana goma fitsari yana bin ƙafarta ba ta san fitarsa ba. Ta daina shan ruwa don ya ragu. An ce mu jira ta yi arba'in.
Yayarta, Aloshi

Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mai ceto ne. Wannan alamar yoyon fitsari ce: kan ɗan ya daɗe yana danne mafitsara har wurin ya mutu ya huje. Ana warkewa, kuma kwana goma lokaci ne mai kyau. Dakta Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri aka bar ta makonni, ƙaramin rami sabo yakan rufe da kansa ba tiyata. Idan bai rufe ba, ana ɗinkewa a cibiyar Evangel da ke Jos, wadda ta fi kusa da ku, ko Ningi a jihar Bauchi, ko cibiyar Laure a Kano, kuma tun 2024 gwamnatin tarayya take da shirin biyan kuɗin aikin ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Ta koma shan ruwa sosai, don ƙarancinsa na sa fitsari ya yi kauri ya ci fata ya ƙara wari. Kada a ware mata kwano ko ɗaki. Kada kuma ku jira arba'in, ku kai ta asibiti gobe da safe a sa mata robar.